Ziyarar kangon Ystrad Fflur a tsaunukan Wales: ko tafiyar ta cancanci wahalarta?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ranar Asabar da ta wuce Allah ya nufe ni da zuwa wani wuri da nake ta jin labarinsa tun da na zo karatu garin Aberystwyth da ke Wales, wato kangon gidan zuhudun Kiristoci da mutanen Wales ke kira Ystrad Fflur, wanda a littattafai aka fi saninsa da sunan Latin, Strata Florida. Tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba, sai dai hanyar siririya ce mai yawan kwana, ga hawa ga gangara, kuma tun da muka bar gari babu abin da ido ke gani sai tumaki a kan tuddai da shirwa tana shawagi a sama. Ƙauye na ƙarshe shi ne Pontrhydfendigaid, wanda mazaunansa ke taƙaitawa su ce Bont, daga nan kuma sai a bi gefen kogin Teifi kamar mil guda, har inda kwarin ya fara tsukewa.

Ba zan ɓoye muku ba, da na shiga sai da jikina ya yi sanyi, domin na zaci zan tarar da dogayen bangaye, amma akasarin abin da ya rage bai wuce tsayin mutum ba, wani ma iyakarsa gwiwa. Abin da ke tsaye da cikar kamanninsa shi ne ƙofar yamma ta majami'ar. Bakanta zagayayye ne, an sassaƙa dutsen layi a kan layi kamar an jera igiyoyi, sannan aka ɗaure su da wasu ɗamaru na dutse waɗanda ƙarshensu ya nannaɗe kamar kan sandar makiyayi. Idan mutum ya tsaya a bakinta ya duba gabas, ciyawa zai gani shimfiɗe a inda a dā ake sahun ibada, can baya kuma tsaunin da ya tokare kwarin. A ɓangaren kudu an yi rumfa a kan wasu ƙananan ɗakunan ibada saboda tayil ɗin yumɓu da ke daɓe a ƙasansu, kuma na durƙusa na ga wani mai hoton mutum riƙe da madubi. A bayan wannan bango akwai jerin kaburbura, kowanne da dutse kwance da wani ƙarami a tsaye a wajen kai, suna nan inda aka sa su tun farko.

Na fi awa biyu a wurin, kuma na fito da ra'ayin da ya saɓa wa wanda na shiga da shi. Tambayata ga waɗanda suka taɓa zuwa irin waɗannan wurare ita ce, me mutum ke zuwa gani a kango, ginin ne ko abin da aka yi a cikinsa?

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai Tintern na je daga Birmingham, a kwarin kogin Wye da ke kan iyakar Wales da Ingila, kuma idan maganar abin kallo ake yi, to can ne wurin zuwa. Bangayen majami'ar suna tsaye har sama, manyan tagogin suna nan da sassaƙarsu, rufi ne kawai babu. An kafa gidan a 1131, babbar majami'ar da ake gani yanzu kuma an gina ta tsakanin 1269 da 1301. Wanda ya zo daga nesa ya kashe kuɗin jirgin ƙasa da na masauki, ban ga dalilin da zai sa ya bar wannan ya tafi kallon ƙofa ɗaya a cikin ciyawa ba. Kuma abin da ya fi damuna shi ne, ƙasar da ke da kuɗi da injiniyoyi kamar Birtaniya, me ya hana ta tayar da ginin ta mayar da shi yadda yake? A ganina barin sa a haka sakaci ne da aka yi wa ado da sunan tarihi.

Malama Maman Sadiq:
Sannunku da ƙoƙari. Na shekara goma sha ina koyar da tarihi, kuma ina so in ce wa ƙanena Ɗan Zazzau, gidajen nan biyu duk na ƙungiya ɗaya ne, wato masu zuhudun Cîteaux da aka kafa a Faransa a 1098, amma matsayinsu a wurin mutanen Wales ba ɗaya ba ne. Tintern gidan Normawa ne, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066 sannan suka yi ta kutsawa cikin Wales. Walter de Clare, mai mulkin Chepstow, shi ya kafa shi, masu zuhudunsa na farko daga Faransa aka kawo su, kuma har ƙarshensa fuskarsa tana kallon Ingila ne. Ystrad Fflur ma wani Banormane ne, Robert fitz Stephen, ya aza harsashinsa a 1164, amma shekara guda bayan haka Rhys ap Gruffudd, sarkin Deheubarth, masarautar kudu maso yammacin Wales, ya ƙwace yankin, ya kama Robert ɗin, ya ɗauki gidan a ƙarƙashin kulawarsa, ya ba shi filaye masu faɗi a kan tsaunuka. Tun daga nan ya zama gidan 'yan ƙasa, shugabanninsa 'yan Wales, harshen cikinsa harshen Wales, kuma a nan aka binne 'ya'yan gidan sarautar Deheubarth da dama. Ɗan'uwan Rhys ɗin ma, Cadell, a gidan ya ƙare rayuwarsa sanye da rigar zuhudu a 1175.

Abin da ya fi nuna darajar wurin shi ne taron 1238. Llywelyn ab Iorwerth, sarkin Gwynedd da ke arewacin Wales, wanda ake kira Llywelyn Babba, da ya ga tsufa ya kama shi, sai ya kira sarakunan Wales domin su yi wa ɗansa Dafydd mubaya'a, kuma bai zaɓi fadarsa da ke arewa ba, wannan kwarin ya zaɓa. Saboda haka ciyawar da Abban Hanifa ya taka, ƙasa ce da sarakunan wata al'umma suka taɓa haɗuwa a kanta suna neman yadda mulkinsu zai ɗore. Bai ɗore ba, domin a 1282 aka kashe Llywelyn ap Gruffudd, jikan Llywelyn Babba, Sarki Edward na 1 na Ingila kuma ya gama mamaye ƙasar a 1283.

Baƙon Zaure:
Ku gafarce ni da katse zancen, amma akwai abin da ke raina. Wurin nan majami'a ce da maƙabarta ta Kiristoci. Shin ya dace Musulmi ya ɗauki ƙafa musamman ya tafi can? Ina tambaya ne don in sani, ba don in zargi kowa ba.

Baba Malam:
Tambayarka a kan hanya take, ɗana. Mai zuwa wurin don ya yi ibada ko neman tabarraki daban, mai zuwa don ya gani ya yi tunani daban, kuma abin da Abban Hanifa ya kwatanta na biyun ne. Alƙur'ani ya yi ta maimaita umarnin a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Sannan a Suratul Hajji, aya ta 40, Allah ya ambaci wuraren masu zuhudu da majami'u tare da masallatai, ya ce ba don yana tunkuɗe wasu mutane da wasu ba, da an rurrushe su. Haka kuma sananne ne cewa Sayyidina Abubakar ya yi wa rundunar da ya tura Sham wasiyya da su ƙyale waɗanda suka keɓe kansu a ɗakunan zuhudu. Sharaɗin dai shi ne ladabi: kada a taka kabari, kada a ɗaga murya, kada a ɗauki ko da tsakuwa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba kuwa, babu wanda ya wajabta masa zuwa.

Yaya Maman Rahila:
Na gode wa Baba Malam da wannan bayani. Ni Kirista ce, kuma ko da yake cocinmu ba ta da tsarin zuhudu, na karanta a kansu sosai, don haka bari in ƙara abin da ido ba zai gani a kangon ba. Mutanen nan da gangan suka nemi irin wannan lungu, domin ƙa'idarsu ta ce a gina gida nesa da hayaniyar jama'a, kusa da ruwa. Ana ce musu fararen masu zuhudu saboda rigarsu ta ulun tumaki ce wadda ba a rina ba. Suna tashi tun cikin dare, wajen ƙarfe biyu, su shiga majami'a cikin sanyin da Abban Hanifa ya ɗanɗana kaɗan daga cikinsa, kuma sau takwas suke taruwa don addu'a tsakanin dare da yini. Yawancin lokacinsu shiru ne, har suna da alamun hannu da suke magana da su, kuma a farkon zamaninsu mai lafiya ba ya cin nama. A duk gidan ɗaki ɗaya ne ake hura wa jama'a wuta don jin ɗumi, in ban da madafa da ɗakin marasa lafiya.

Sai dai ba na so mu ɗauka cewa haka suka zauna tsawon shekara 375 har wani azzalumin sarki ya zo ya tarwatsa su. Lokacin da aka rufe gidan a 1539, waɗanda suka rage a ciki ba su kai goma ba, wasu gine-ginen ma sun riga sun lalace. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Likitan Dabbobi:
Ni abin da ya ja hankalina a labarin nan tumakin ne, domin su ne suka gina bangayen da ake magana a kai. Filayen da Rhys ya bayar yawancinsu tuddai ne masu sanyi da dausayi waɗanda ba su da kyau ga noma, amma suna da kyau ga kiwo. Gidan ya rarraba su zuwa gandaye, kowane gandu da masu kula da shi, kuma masu aikin wasu 'yan'uwa ne da suka ɗauki alkawarin zuhudu amma ba su yi karatu ba, aikinsu kiwo da noma da sausayar ulu. Ulun shi ne babbar hajarsu, har ƙetaren teku ake kai shi, ban da darmar da ake haƙowa a filayensu na Cwmystwyth. Makiyayan Wales suna da tsohon tsari na hawa tudu da dabbobi idan zafi ya shigo, su sauko kwari idan sanyi ya matso, mazaunin tudun suna ce masa hafod, na kwarin kuma hendre, kuma har yau za ka ga sunayen nan a allunan gonaki. Duk wanda ya san yadda makiyayanmu ke raba shekara tsakanin mashekari da wurin cin rani zai gane hikimar nan take.

Ina goyon bayan Yaya Maman Rahila a kan cewa rauni ya daɗe da shiga. Annobar da ta ratsa Turai a 1348 da 1349 ta kashe mutane da yawa, ma'aikata suka yi tsada, masu shiga zuhudu don yin aikin gandu suka ƙare, sai gidajen suka koma bayar da filayensu haya suna karɓar kuɗi. Daga ranar da mai gandu ya koma mai karɓar haya, alaƙarsa da ƙasar ta canza.

Malama Maman Sadiq:
Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma kada mu manta cewa raunin Ystrad Fflur ba annoba da sakaci kaɗai suka jawo shi ba, har da wahalar da ya sha saboda tsayawa tare da 'yan ƙasarsa. A 1212 Sarki John na Ingila ya ba da umarnin a rushe shi saboda yana goyon bayan Llywelyn, kuma ko da yake ba a aiwatar ba, an ɗora masa tara mai nauyi wadda ya shafe shekaru da dama yana biya. A shekarun 1280 tsawa ta faɗa wa majami'ar ta tayar da gobara, ba a gama farfaɗowa ba kuma sojojin Edward na 1 suka sake cinna mata wuta lokacin tawayen 1294 zuwa 1295. Da basaraken Wales Owain Glyndŵr ya yi wa Ingila bore a farkon ƙarni na 15, Sarki Henry na 4 ya kori masu zuhudun ya zuba sojoji a gidan, har aka ɗaure dawakai a cikin majami'ar, kusa da bagadin da ya fi kowane wuri tsarki a wurinsu. Gidan da ya sha irin wannan sau uku sau huɗu, ba abin mamaki ba ne ya iso zamanin Henry na 8 yana ɗingishi.

Shi kuwa Henry na 8, bayan ya raba gari da Fafaroma ya naɗa kansa shugaban cocin Ingila a 1534, sai wazirinsa Thomas Cromwell ya sa aka ƙidaya dukiyar kowane gidan zuhudu a 1535. Dokar 1536 ta rufe duk wanda kuɗin shigarsa bai kai fam 200 a shekara ba, kuma a nan ne Tintern ya faɗi, a watan Satumba na wannan shekara. Ystrad Fflur ma bai kai wannan adadi ba, amma ya biya kuɗi aka ɗaga masa ƙafa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, shekara uku kawai ya ƙara. Zuwa 1540 gidaje fiye da 800 aka rufe a Ingila da Wales.

Ɗan Zazzau:
Malama, na ƙaru ƙwarai, kuma na janye maganar cewa babu abin zuwa gani. Amma tambayata ta biyu tana nan ba a amsa ba. Idan wurin yana da wannan daraja a wurin mutanen Wales, ai hujja ce ta a sake gina shi, ba ta a bar shi ba. Kuma me ya sa Tintern, wanda aka riga rufewa, ya fi shi tsayuwa?

Abban Hanifa:
Ɗan'uwa, abin da na lura da shi a wurin zai iya amsa rabin tambayarka. Abu na farko da ake yi wa gidan da aka rufe shi ne a kware darmar rufinsa a narkar a sayar, daga nan ruwan sama da sanyi su ci gaba da aikinsu, sannan maƙwabta su mayar da shi wurin ɗibar dutsen da aka riga aka sassaƙa. Manne da kangon akwai wani tsohon gidan gona mai suna Mynachlog Fawr, wanda iyalin Stedman da suka mallaki filin bayan rufewar suka zauna a cikinsa, kuma a kan wani sashe na gine-ginen zuhudun yake zaune. Ga kuma ƙaramar cocin ƙauyen a gefe. Wato duwatsun ba ɓacewa suka yi ba, sun bazu ne a cikin bangayen kwarin. Har ƙasa ta binne abin da ya rage, sai a 1887 wani injiniya mai suna Stephen Williams, wanda ya fara ganin wurin lokacin da yake aikin awon hanyar jirgin ƙasa a yankin, ya soma tono shi. Tayil ɗin da na durƙusa na kalla, ƙasar da ta rufe shi ce ta tsare shi.

To idan aka ce a sake ginawa, da wane dutse, kuma a kan kamannin wace shekara? Na 1201 lokacin da suka fara ibada a sabuwar majami'ar, ko na bayan gobara, ko na 1539? Duk wanda aka zaɓa, hasashen mai zane ne zai cike giɓin, kuma mai ziyara ba zai ƙara bambance abin da hannun mutanen ƙarni na 13 ya taɓa da abin da aka ƙera jiya ba. Hukumar da ke kula da wurin sunanta Cadw, kalmar da ke nufin adanawa a harshensu, kuma aikinta shi ne ta hana abin da ya rage ƙara zubewa. Ni na gamsu da hakan bayan na gani da idona.

Malama Maman Sadiq:
Zan ƙara da abu guda wanda a wurina ya fi bangon muhimmanci. A wannan gida ne aka tattara tarihin sarakunan Wales shekara bi shekara, wanda ake kira Brut y Tywysogion, tun daga ƙarshen ƙarni na 7 har zuwa faɗuwar 1282. Asalin na Latin ya ɓace, amma fassarorinsa na harshen Wales sun tsira, kuma da yawa daga abin da na kawo muku a sama, kamar taron 1238 da rasuwar Cadell, daga nan aka san su. Har ƙararrawar da gidan ya saya a 1255 an rubuta. Masana kuma suna danganta wa marubutan gidan kundin Hendregadredd, wanda ya adana waƙoƙin mawaƙan fadar sarakunan Wales, yana nan yanzu a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Aberystwyth, garin da Abban Hanifa yake zaune. Mu da muka san abin da Tarihin Kano ya tsare mana na jerin sarakuna tun daga Bagauda, mun san cewa al'ummar da aka ci da yaƙi amma labarinta ya rage a rubuce da hannun 'ya'yanta ba ta yi asarar komai da komai ba. A gundumar Ceredigion, inda kangon yake, har yau kusan rabin jama'a suna jin harshen da aka yi waɗannan rubuce-rubuce da shi.

Yaya Maman Rahila:
Malam Abban Hanifa, ko ka ga bishiyar da ake cewa a ƙarƙashinta aka binne mawaƙin nan Dafydd ap Gwilym na ƙarni na 14? Na ji cewa mutanen Talyllychau, wani ƙauyen Wales mai nasa kangon gidan zuhudu, su ma suna cewa a wurinsu aka binne shi.

Abban Hanifa:
Na gan ta, Yaya. Tana cikin maƙabartar cocin da ke gefe, irin bishiyar nan ce da ba ta zubar da ganye, wadda suke kira ywen, gindinta ya tsage ya yi kogo saboda tsufa amma rassanta kore shar. Na tarar da wani dattijo yana gyara furanni a kan wani sabon kabari ba nisa da ita, domin har yanzu mutanen kwarin a nan suke binne mamatansu. Na gaishe shi da 'yar gaisuwar da na koya ta harshensu, ya ɗago ya amsa da fara'a, ya nuna mini bishiyar da hannu tun kafin in tambaya.

Ɗan Zazzau:
Har yanzu ina ganin da an tayar da ko da kusurwa ɗaya zuwa tsayinta na asali, da yara da baƙi sun fi fahimtar girman abin, kuma ban sauka daga wannan ra'ayi ba. Amma gani ya kori ji, ina so in zo da kaina. Yaya zan yi daga Birmingham, kuma wane lokaci ya fi?

Abban Hanifa:
Akwai jirgin ƙasa daga Birmingham da ke bi ta Shrewsbury har Aberystwyth, tafiyar kamar awa uku ce. Daga nan mota ta fi, domin bas ɗin ƙauyukan ba su da yawa, kuma idan ka sanar da ni da wuri sai mu tafi tare. Ka bari sai watan Mayu ko Yuni, lokacin da yini ya yi tsawo, amma duk da haka ka zo da rigar ruwa da takalmin da ba ya jin laka. Ka taho da abincinka, kuma ka yi alwala tun daga gari, sallar Azahar sai mu yi ta a gefen hanya wajen kogin. Idan lokaci ya ba mu, za mu hau tudun da ke bayan kangon, inda ake hango shimfiɗar ginin gaba ɗaya daga sama, sai dai duk ƙyauren gonar da muka buɗe dole mu mayar da shi mu rufe, saboda lokacin 'yan raguna ne.